Wa Ke da Ikon Cewa a Tsaya? Tsokaci a Kan Tseren Hunturu a Gandayen Tsaunuka

A kowace shekara, cikin watan Janairu, lokacin da hunturu ya kai maƙura a arewacin Ingila, wasu mutane kan taru a wani ɗan ƙauye mai suna Edale, jakunkuna a bayansu, fitilu ɗaure a goshinsu, su kama hanyar Kirk Yetholm da ke cikin Sikotland. Tsakanin ƙauyukan nan biyu akwai mil 268, wato kimanin kilomita 430, kusan nisan Kano zuwa Abuja ke nan a mota. Sai dai nan babu kwalta. Turba ce ta ƙafa da ake kira Pennine Way, wadda ta bi ta doron tsaunukan da Turawa ke yi wa laƙabi da gadon bayan Ingila, daga nan ne ma tseren ya samo sunansa na Spine. Turbar ta ratsa gandayen ƙasa guda uku, Peak District da Yorkshire Dales da Northumberland, ta bi ta fadamu masu taɓo da duwatsu masu santsi, ta haye Cross Fell mai tsayin mita 893. An ba ɗan tsere sa'o'i 168, mako guda cur, agogo kuma ba ya tsayawa don ya yi barci. A wannan yanayi na shekara dare kan kai kimanin sa'o'i 16, saboda haka akasarin tafiyar cikin duhu ake yin ta. Da aka fara tseren a 2012, mutum 11 ne suka tashi, 3 suka kai.

Duk lokacin da na ba wani abokin karatu wannan labari, amsa ɗaya nake samu, ko dai ya ce ƙoshi ne ya yi musu yawa, ko ya kawo mini karin maganar nan da ke cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Amsa ta farko ba ta dame ni ba, domin kowace al'umma tana da irin wahalar da ta mayar wasa, wanda kuwa ya taɓa tsayawa a filin dambe ko na shaɗi bai kamata ya yi mamakin mutumin da ya zaɓi shan wuya don a san shi da juriya ba. Amsa ta biyu ce nake son mu tsaya a kanta, domin ita ce hujjar da masu shirya irin waɗannan gasanni a ƙasashe da dama ke fakewa a bayanta: baligi ne, mai hankali, ya karanta sharuɗɗa, ya sa hannu, ya biya kuɗinsa, abin da ya same shi ruwansa. A nawa ra'ayin wannan hujja ba ta tsaya da ƙafafunta a tseren sanyi. Dalili kuwa shi ne, sanyi da rashin barci abu na farko da suke ci a jikin mutum shi ne hankalin nan da ya yi amfani da shi ya sa hannu. Wanda ya amince a Edale da safiyar tashi, ba shi ne ke tangaɗi a tsaunukan Cheviot bayan kwana huɗu ba. Ke nan nauyin cewa a tsaya dole ya rataya a wuyan wani da ke zaune cikin ɗumi, wanda ya yi barci, kuma da wannan ma'auni ya kamata a auna kowace gasa irin wannan.

Kafin in ci gaba, akwai ɗan batun kalmomi da masu nazarin harshe ba za su yafe mini ba in na tsallake. Mun saba kiran dogon gudu da gudun fanfalaki, amma wannan suna bai cika kama abin da ake yi a nan ba, tunda rabin aikin tafiya ce da hawa da karatun taswira. Kalmomin fatauci sun fi dacewa da shi. Wuraren da 'yan tsere ke yada kaya su ci abinci su ɗan runtsa, waɗanda a tseren Spine manyansu guda biyar ne, zan kira su zango. Shugaban gasar kuwa, wanda ke da ta cewa a kan tashi da tsayawa da sauya hanya, madugu zan kira shi, domin aikinsa ke nan a ayarin fataken da kan je Gwanja sayen goro: kowane falke da dukiyarsa da dabbobinsa, amma ba shi ke yanke ranar ƙetare kogi ba.

Tseren 2019 ne ya fito da Spine idon duniya. A wannan shekara Jasmin Paris, likitar dabbobi kuma mai bincike a Jami'ar Edinburgh, ta riga kowa isowa, maza da mata, cikin sa'o'i 83 da minti 12. Ta rage fiye da sa'o'i 12 daga tarihin da Eoin Keith ya kafa a 2016, kuma ta yi haka ne tana tatsar nono a zanguna saboda tana shayar da 'yarta mai wata 14. Jaridu sun cika da labarinta, kuma ta cancanci hakan. Amma ita da kanta ta bayyana cewa barcin da ta yi a tsawon kwanakin nan bai wuce na 'yan sa'o'i ba, har a ƙarshen tafiyar ido ya fara yi mata gizo, tana ganin dabbobi suna fitowa daga duwatsu. Wanda labarinsa bai yaɗu sosai ba shi ne mutumin da ke bin sawunta, Eugeni Roselló Solé, ɗan ƙasar Sifaniya, wanda shi ne ya lashe tseren a 2013. Gwani ne da ya san turbar ciki da bai. Duk da haka, saura kimanin kilomita 6 ya kai ƙarshe, jikinsa ya ƙi, aka fitar da shi daga tseren. Mutum ya yi kilomita 420 da ɗoriya, na biyu yake, fitilun ƙauyen da zai sauka suna dab da bayyana. A irin wannan hali wane ne zai iya ce wa kansa ya isa? Ni dai ina ganin wannan fitarwa ta fi nasarar Paris nuna ingancin gasar, domin ya koma gida da ransa da gaɓoɓinsa.

Abin da ke faruwa a jiki ba ɓoyayye ba ne ga likitoci. Zafin cikin jikin ɗan Adam yana zama a kusan digiri 37 a ma'aunin Selshiyos. Idan ya sauka ƙasa da 35, an shiga haɗari. Da fari mutum zai kama rawar ɗari, yatsunsa su ƙi kama zif ko igiyar takalmi. In aka gangara wajen digiri 32, rawar ɗarin ma sai ta ɗauke, magana ta sarƙe, ɗimuwa ta shigo. A matakin ƙarshe wasu kan ji kamar zafi ya dame su, su tuɓe tufafinsu a tsakiyar ƙanƙara. Mai gudu yana da wani rauni na daban: muddin yana motsi jikinsa na samar da ɗumi, don haka yakan sa tufafi marasa nauyi, amma da zarar hawa ko gajiya ta rage masa sauri, ga gumi ya jiƙa riga, ga iska na kaɗawa, sai zafin ya zube cikin ɗan lokaci. A ɗora rashin barci a kan wannan. Binciken da Dawson da Reid suka wallafa a 1997 ya nuna cewa mutumin da ya yi sa'o'i 24 idonsa biyu, kaifin hankalinsa kan dushe kamar na wanda maye ya hana shi tuƙi a bisa doka. To, ina ga wanda ya yi kwana uku ko huɗu yana satar barcin minti ashirin a gindin katanga? Mafi muni shi ne, wanda abin ya kama ba ya sanin ya kama shi. Jiki magayi ne, in ji Hausawa, amma a nan mai sauraren saƙon ne ya kurumce.

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi a wurina ba daga tseren hunturu ta fito ba, kuma wannan kansa abin lura ne. Ranar 22 ga Mayu, 2021, aka yi tseren kilomita 100 a gandun duwatsun da ke gaɓar Rawayen Kogi, a yankin Baiyin na lardin Gansu, ƙasar Sin. Mutum 172 suka tashi da safe, yawancinsu da gajeren wando da 'yar riga, domin watan Mayu ne, ba wanda ya kawo sanyi a ransa. Rigar kare iska ba ta cikin kayan da aka wajabta, an dai ba da shawarar a ɗauka, da yawa kuma sun tura kayan ɗuminsu zuwa wani zango na gaba inda suke sa ran dare zai riske su. Da tsakar rana, a daidai wani hawa mai tsanani tsakanin zango na biyu da na uku, iska mai ƙarfi ta taso da ruwa da ƙanƙara. Zango na ukun nan a kan tsauni yake, mota ba ta zuwa, babu abinci, babu mafaka. Kafin a dakatar da tseren, aikin gama ya gama. Mutum 21 suka mutu. A cikinsu akwai Liang Jing, ɗaya daga cikin fitattun masu dogon gudu na ƙasar, wanda ya sha lashe wannan tsere. Daga cikin mutum shida da ke kan gaba, ɗaya ne kawai ya rayu, Zhang Xiaotao, shi ma wani makiyayi mai suna Zhu Keming ne ya tsince shi a sume, ya kai shi kogon da yake fakewa da tumakinsa, ya hura wuta. Mutum shida makiyayin nan ya ceta a ranar.

A duba wannan lissafi da kyau. Waɗanda suka fi ƙwarewa su suka fi mutuwa, saboda saurinsu ya kai su ƙololuwar tsaunin a daidai lokacin da yanayin ya ɓaci, kuma saboda su ne suka fi sabawa da danne kukan jiki. Ƙwarewar da ake cewa ita ce garkuwar ɗan tsere, ita ta tura su gaba. Kowannensu ya sa hannu a takarda. Hukumomin Sin ba su karɓi wannan a matsayin uzuri ba: an dakatar da irin waɗannan gasanni a faɗin ƙasar, an hukunta jami'ai 27, daga baya kuma kotu ta ɗaure wasu daga cikin masu shirya tseren. Wanda ya kwatanta wannan da tsarin Spine zai ga inda bambancin yake. A can kowa ya san Janairu ne, don haka ba a barin ɗan tsere ya tashi sai an zazzage jakarsa an ga jakar barci da abin fakewa da ɗan risho da abinci da rigar ruwa da taswira da kamfas. An maƙala masa na'urar da ke nuna inda yake dare da rana. Akwai likitoci a zanguna da ayarin masu sa ido a kan turba, kuma suna da ikon tsayar da mutum ko yana so ko ba ya so. Sanyin Ingila na Janairu ya fi na Gansu na Mayu daɗewa da naci, amma an shirya masa.

Akwai masu suka, kuma sukarsu tana da tushe da bai kamata a raina ba. Suna cewa daɗin wannan wasa yana cikin 'yancinsa, in aka cika shi da dokoki da na'urori da likitoci, an kashe abin da ya kai mutane dajin tun farko. A Ingila wannan magana tana da nauyi na tarihi. Edale, inda ake tashi, a gindin tsaunin Kinder Scout yake, wanda a da masu ƙasa suka killace don farautar tsuntsaye. Ranar 24 ga Afrilu, 1932, wasu ɗaruruwan ma'aikata, akasarinsu daga Manchester, ƙarƙashin jagorancin Benny Rothman, suka hau tsaunin da gangan ba tare da izini ba, suka yi arangama da masu gadi, aka ɗaure biyar daga cikinsu. Wannan gwagwarmaya tana cikin abubuwan da suka share fagen dokar gandayen ƙasa ta 1949, da kafa Peak District a 1951 a matsayin gandu na farko, da buɗe Pennine Way a 1965, shekara talatin bayan ɗan jarida Tom Stephenson ya kawo shawararta. Mutanen da kakanninsu suka shiga kurkuku don a bar su su taka tsauni ba za su ji daɗin wani ya tare su a kan tsaunin ya ce su sauka ba.

Na yarda da wannan 'yanci ɗari bisa ɗari, amma ba shi ake magana a kai ba. Duk mai so yana iya ɗaukar jakarsa ya bi Pennine Way shi kaɗai a tsakiyar Janairu, babu mai tambayarsa. Gasa kuwa wani abu ne da aka ƙara a kan turbar. An kafa agogo, an karɓi kuɗi, an sa lambar yabo, an kuma buɗe taswira a intanet inda dubban mutane ke kallon ɗigon kowane ɗan tsere yana matsawa. Ni kaina na taɓa raba dare ina kallon waɗannan ɗigogi a waya, ina jin haushi idan wanda nake goyon baya ya daɗe a zango, ina kwance cikin bargo. Duk waɗannan abubuwa an ƙirƙire su ne don su sa mutum ya wuce inda da shi kaɗai ne zai juya. Wanda ya kafa su ya sa hannu a cikin shawarar da ɗan tsere zai yanke a kan tsauni, ba zai kuma zare hannun ba idan shawarar ta zo da gawa. Sannan zafin da aka ɗebo ba a bakin mai ɗebowa kaɗai yake tsayawa ba. Masu aikin ceto a tsaunukan Ingila 'yan sa-kai ne, ba a biyansu albashi, su ne za su bar iyalinsu da ƙarfe ukun dare su hau cikin guguwa. A Gansu ma makiyayi ne da ba a shawarce shi ba ya ɗauki nauyin da masu gasa suka yar.

Za a iya kawo mini tseren Barkley a matsayin ƙalubale. Ana yin sa a gandun Frozen Head na jihar Tennessee a Amurka, galibi a watan Maris lokacin da hunturu ke sallama, tun 1986. Gary Cantrell ne ya ƙirƙiro shi, bayan ya ji cewa James Earl Ray, wanda ya kashe Martin Luther King, da ya tsere daga kurkukun da ke wannan daji a 1977, mil 8 kacal ya iya yi cikin fiye da kwana biyu. A Barkley babu na'urar bin sawu, babu alamar hanya, babu zango sai wuraren ajiye ruwa. Ɗan tsere yana yage shafi daga littattafan da aka ɓoye a daji don ya tabbatar ya bi ta wurin. Zagaye biyar ne cikin sa'o'i 60, kuma zuwa 2024 mutum 20 kawai suka taɓa kammalawa, ciki har da Jasmin Paris ɗin nan, mace ta farko, wadda ta iso saura daƙiƙa 99. A zahiri wannan ya yi kama da gasar da ta sakar wa kowa ragamarsa. Amma madugun Barkley yana amfani da ikonsa ne a bakin ƙofa. Kimanin mutum 40 yake ɗauka a shekara, shi ke zaɓensu, kowane zagaye kuma yana dawo da su sansani ɗaya inda za a gan su ido da ido, wanda ya makara a zagaye an cire shi. Tsari ne da ba zai yiwu da mutum 172 da suka yi rajista a intanet ba. Duk da haka ba zan ɓoye ba, rashin na'urar bin sawu a Barkley yana damuna, kuma ina ganin gasar tana cin albarkacin ƙanƙantar gandun da ƙarancin mutanenta ne.

Kaya kaɗai ma ba sa wadatarwa. A tseren Yukon na ƙasar Kanada, wanda ake yi a watan Fabrairu a kan daskararrun koguna, sanyi ya wuce digiri 40 ƙasa da sifili a 2018. Roberto Zanda, ɗan Italiya, gogaggen mai dogon gudu, yana da duk abin da aka wajabta, har da na'urar neman agaji. Da ɗimuwa ta kama shi sai ya bar keken kayansa da na'urar a kan turba ya nausa cikin dusar ƙanƙara. An same shi da rai, amma sai da aka yanke ƙafafunsa biyu. Maɓallin neman agaji yana amfani ne ga wanda ya san yana bukatar agaji. Shi ya sa nake ganin tsarin da ya dogara ga ɗan tsere ya yi kira da kansa yana da ɓaraka tun daga tushe. Dole a sami mai kallon allo wanda aikinsa shi ne ya lura ɗigo ya tsaya ko ya kauce, ya tura mutane ba tare da jiran kira ba, sannan tazarar da ke tsakanin masu sa ido ta zama daidai da saurin da sanyin wurin ke kashewa.

Abin da ya fi wuya a aikin madugu shi ne dakatar da gasa baki ɗaya, kuma a nan ne nake ganin ya kamata hukumomin gandaye su sa baki, tunda su ke ba da izinin amfani da ƙasar. Mai shirya gasa yana da masu ɗaukar nauyi da ke jiran hotuna, da 'yan tseren da suka biya kuɗin jirgi daga wata nahiya, wani lokaci da jami'an yanki da ke son a tallata garinsu, kamar yadda aka gani a Baiyin. Mutumin da duk waɗannan ke ja ba shi ya dace ya auna iska da idonsa da safiyar tsere ba. Kamata ya yi a rubuta iyakokin tun kafin a sayar da tikiti: ƙarfin iska kaza, sanyi kaza, to ba a hawa wuri kaza, kuma wanda zai aiwatar ya zama ba ya da kaso a kuɗin shiga. Hukumar gandu tana iya mayar da wannan sharaɗin ba da izini, kamar yadda take gindaya sharuɗɗa a kan shara da yawan jama'a da kare taɓon fadamun da aka shimfiɗa wa faffaɗan duwatsu don kada ƙafa ta cinye su.

Masu tseren Spine sun nuna cewa hakan mai yiwuwa ne ba tare da gasa ta rasa martabarta ba. Sun sha karkatar da hanya daga kan Pen-y-ghent idan iska ta yi yawa, ko daga gefen magangarar ruwa ta Cauldron Snout idan duwatsun sun daskare. A 2015 guguwa ta sa suka tsare 'yan tsere a zanguna na tsawon sa'o'i, aka tsayar da agogo, mutanen da suka yi shekara suna shiri suka zauna a ɗaki suna sauraren iska tana dukan rufi. Da ta lafa aka sake su, Pavel Paloncy ɗan ƙasar Cek ya riga kowa isa Kirk Yetholm, a Janairun da ya biyo baya kuma aka sake cika Edale da masu jakunkuna.